Giɓin Katangar Sarkin Ƙofa

Sallama gare ku 'yan uwa masu bibiyar labarina. Wanda yau ya fara shigowa, ga tabarma. Sunana Kubra, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare da ke gefen Bunkure. Abin da zan ba ku yau ya faru ne a ranin shekarar 2007, ina da shekara ashirin da biyar, lokacin da gwaggonnina suka fara yi mini kallon tukunyar da ta wuce lokacin saukewa.

Manemi dai akwai shi. Mudassiru, manomin tumatir a Kadawa, dogo, mai sanyin magana, wanda in ya zo zance sai ya gaida kowa a gidan har da masu wucewa kafin ya tuna da ni ya zo gani. Har 'yan ajina na taɓa kaiwa gonarsa su ga yadda ake ban-ruwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana amsa tambaya bai gaji ba. Baba ya yi bincikensa bai sami abin ƙi ba. Amma ya ce mini, "Kubra, ba ni da ta cewa a kanki. Iya ce ta goya ki tun rasuwar mahaifiyarki. Ranar da ta ce a ba shi, ranar zan kira manyansa."

Iya Tambaya ita ce mahaifiyar Baba. Wata takwas Mudassiru yana durƙusa mata, wata biyu tana cin tumatirinsa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. In na lallaɓa na tambaye ta sai ta ce, "Ke 'yar boko, ba a sanin mutum a zaure. Kowa a zaure malami ne." Abu ɗaya kawai ta taɓa yabawa. Ran nan tana shan miya ta ce, "Mai tumatirin nan ban san halinsa ba, amma tumatirinsa yana da ɗanɗanon gida."

Gida a bakin Iya ba Bunkure ba ne. Garun Maje take nufi, wani ɗan ƙaramin gari can bayan Rano, a tsakanin duwatsu. A can aka haife ta, mahaifinta shi ne Sarkin Ƙofa. Da ruwan Tiga ya zo aka fara noman rani, danginta suka kwaso kaya suka gangaro nan, sauran mutanen garin kuma suka koma bakin titi suka bar tsohon garin da ganuwarsa. Yanzu ɗalibai da baƙi ne ke zuwa kallon kufai. Shekara talatin da uku Iya tana cewa a kai ta, Baba yana cewa sai an gama shinkafa, in an gama shinkafa sai an gama albasa.

Ranar wata Laraba ina cikin duba littattafan yara wayata ta yi ƙara. Nokia ce mai tocila, wadda akwatin saƙonta ke cika da wuri, kullum sai na zauna na zaɓi wanda zan goge.

"Slm Malama. Na ji Iya tana son ganin garinsu. Ran Asabar ba ni da lodi, kuma na san hanya. In kawo mota?"

Na karanta wa Iya. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, "Ki ce masa ya wanke ta. Ba zan je garin ubana ina warin ruɓaɓɓen tumatir ba."

Ran Asabar tun da aka idar da sallar asuba ta buɗe adakarta. Ta ɗauko baƙin zanen saƙi wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba, ƙamshin kanumfari duk ya kama shi, ta yafa farin mayafi, ta sa kwalli. Ni kuwa atamfata ruwan ganye na saka da hijabi ruwan toka. Na cika kula da dambun shinkafa, na ɗura zoɓo a jarka, na jefa littafi da biro a jaka, don na yi wa 'yan ajina alkawarin zan kawo musu tarihin ganuwa ran Litinin.

Ƙarfe bakwai a-kori-kurar Mudassiru ta tsaya a ƙofar gida, an wanke ta har tana ɗigar ruwa, ya shimfiɗa sabuwar darduma a kujerar gaba. Shi ma ya sha farar shadda da hula zanna. Iya ta kewaya motar tana shinshinawa, sannan ta shiga tsakiya ta raba mu, ni ina jikin ƙofa.

Tafiya ta yi daɗi. Muka bi gefen kanal, ruwa yana sheƙi, gonaki kore shar hagu da dama, masu ɗibar tumatir sun jera kwanduna a bakin hanya suna ɗaga wa Mudassiru hannu. Iya da ba ta cika magana a gabansa ba, yau bakinta ya buɗe.

"Gidanmu ba ya ɓata," in ji ta. "Kana shiga ƙofar gabas, hannun dama. Akwai kuka tagwaye a gindin katangar, gangar jiki biyu saiwa ɗaya. Duk garin babu irinta."

Motar ta ɗan yi tangaɗi.

"Kai mai tumatir, rami ne?"

"Rami ne, Iya," in ji shi. Ni kuwa ina kallon hanyar, sumul take.

Kuka tagwaye. Na san na taɓa jin maganar nan. Na zaro waya a hankali cikin hijabi, na gangara can ƙasan akwatin saƙo, inda wani saƙo yake tun watan Oktoba. Ban taɓa goge shi ba saboda a ƙarshensa ne Mudassiru ya fara rubuta mini "ina kewarki". Sau ɗari na karanta ƙarshen, ban taɓa kula da farkon ba. Ga abin da farkon ya ce:

"Yau na je Garun Maje na samo ƙasar kufai don renon irina. Baƙa wuluk, a gindin wata kuka tagwaye. Bana sai dai a yi kallo."

Wanda bai san noma ba, bari in yi masa bayani, aikina ne. Ƙasar tsohon gida, musamman inda aka daɗe ana ɗaure dabbobi, ta fi kowane takin kanti ƙarfi a wajen renon iri. Manoman wajenmu har tafiya suke yi nemanta. Ba sata ba ce a ganinsu, ƙasa ce da masu ita suka tafi suka bari.

Na leƙa ta bayan kan Iya. Gumi yana gangarowa daga ƙarƙashin hular Mudassiru, alhali rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Muka wuce Rano, muka saki kwalta, muka hau wata 'yar hanya mai duwatsu. Sai ga ganuwa ta bayyana, ja, doguwa, ta bi jikin tsauni tana hawa tana sauka. Wani wajen ta zube, wani wajen tana nan tsaye kamar jiya aka gama ta. Iya ta kama hannuna ta matse.

A bakin ƙofar gabas wani tsoho yana zaune a inuwa da sanda. Shi ne Malam Datti, mai zagayawa da baƙi. Ya taso da fara'a.

"Maraba da Hajiya, maraba da Malama. Kai kuma samari, fuskar nan kamar na san ta."

"Fuska ce mai yawa, Baba," in ji Mudassiru, ya ƙara jawo hula.

Malam Datti ya iya aikinsa, ba zan hana shi ba. Ya nuna mana kaurin ganuwar, wai jaki biyu za su jera a kanta da kaya. Ya nuna mana ƙananan tagogin da maharba ke leƙen abokan gaba, da ramin da aka haƙa ya kewaye garin, wanda yanzu ƙaya ta cike shi, da gurbin da ƙyauren ƙofa ke shiga. Ina ta rubutu, har na ɗan manta da damuwata. Iska mai sanyi tana busowa daga kan dutse, 'yan tsuntsaye suna shiga suna fita a ramukan katanga.

Iya ba ta saurare shi ba. Tsohuwar da a gida sai an miƙa mata buta, yau ta yi gaba ta bar mu, tana nuni da carbi.

"Nan maƙera. Nan marina, ga ramukan nan. Nan gidan su Hawwa mai ƙuli, wadda ta cije ni a kunne."

"Hajiya ta taɓa zuwa ke nan," in ji Malam Datti.

Ita kuwa ta riga ta hango kukarta. Muka bi ta hannun dama. Ga zaure nan rabinsa a tsaye, azara biyu sun leƙo. Ga katanga ta taso daga jikinsa ta nufi kukar. A tsakiyar katangar kuwa ga wani giɓi, faɗinsa daidai bayan a-kori-kura.

Malam Datti ya gyara murya, ya ɗaga sanda.

"Wannan giɓin da kuke gani, nan Ningawa suka fasa suka shigo, shekara ɗari da wani abu. An yi gumurzu a nan. Malama, rubuta."

Allah ya gani, na rubuta. Na rubuta "Ningawa" har na ja masa layi.

Iya ta juyo a hankali. "Ningawa?"

"Su fa, Hajiya."

"Datti na gidan wanzamai, kai ne ko ba kai ba ne?"

Tsohon ya matso, ya ƙanƙance ido. Sandar ta sauko. "Tambaya? Ta gidan Sarkin Ƙofa?"

"Ni ce. Ranar da za mu tashi daga garin nan a jikin katangar nan na shanya zanena, lafiyarta ƙalau. Ningawan naka da shebur suka zo?" Ta nuna sawun shebur a jikin ƙasar, ɓaro-ɓaro.

"To, ruwan bara ma ya yi ƙarfi."

"Ruwa mai taya huɗu," in ji Iya, tana nuna inda sawun mota ya bushe a ƙasa.

Malam Datti ya saci kallon Mudassiru. A nan na gane ya tuna inda ya san fuskar, na kuma gane ba zai faɗa ba, don shi ma da hannunsa a ciki. Ni ma ba zan faɗa ba. Mutum uku muka san gaskiya, kowa ya kama bakinsa.

Iya ta dafa katangar. Muryarta ta sauya, wasan ya fita daga cikinta.

"Babana da hannunsa ya ɗora wannan, shekarar da aka yaye ni. Nan ne turken awakinmu. Kullum magariba in ya rufe ƙofar gari, nan yake zama in kawo masa ruwa. Mutumin da ya tsare ƙofar gari guda, yau tasa katangar aka fasa." Ta ɗaga hannu sama. "Duk wanda ya sa ƙarfe a jikin katangar nan..."

Kun san abin da ke biyo bayan irin wannan magana, kun kuma san nauyinsa a bakin tsohuwa mai shekara saba'in da biyar. In ta ƙarasa, a kan Mudassiru zai sauka. In kuma ya yi magana, wata takwas na durƙuso sun tafi a banza, ni ma na tafi da su.

Ga inda zan faɗa muku laifina. Ni da kullum nake rubuta wa yara "gaskiya dokin ƙarfe" a allo, a zuciyata roƙo nake Allah ya sa ya yi shiru. Har na yi wuf na ɗago jarka na ce, "Iya, ga zoɓo, ki jiƙa maƙoshi."

Ko kallona ba ta yi ba. Sai na ji motsi a bayana. Mudassiru ya cire hula, ya durƙusa da farar shaddarsa a cikin jar ƙasa.

"Iya, dakata. Ni ne Ningawan."

Iya ta sauke hannunta, shi kuwa ya ci gaba.

"Ban san gidanku ba ne, wallahi. Ƙasar turke na zo ɗiba, na haƙa gindin katangar ya yi zurfi, ta zubo. Da ta zubo kuma na kwashe har da ita. Na tambaya aka ce masu gidan sun daɗe da tashi."

"Ni dai goro kawai aka ba ni," in ji Malam Datti.

"Kai yi mana shiru," in ji Iya. Ta dubi Mudassiru. "Mota nawa?"

"Biyu."

"Uku," in ji Malam Datti.

"Ta ukun rabi ce, Iya."

"Ka kai ta ina?"

"Kadawa. A cikinta na reni irin tumatirin bana."

Iya ta daɗe tana kallonsa.

"Tumatirin da kake kawo mini?"

"Shi ne."

Na ga kafaɗarta ta fara rawa, na ɗauka kuka ne, na matsa zan riƙe ta. Ashe dariya ce. Ta zauna a kan saiwar kukar tana dariya har kwallinta ya zubo, tana share shi da gefen mayafi.

"Na ce da ɗanɗanon gida, ashe gidan ne da kansa. Wata biyu ina cin turken awakin babana da tuwo." Ta numfasa. "Allah ya jiƙan Sarkin Ƙofa. Yana raye ya ciyar da ni, ya mutu katangarsa ba ta daina ba."

Muka ce amin, Malam Datti ya fi kowa ɗaga murya.

"Tashi, ka ɓata shaddarka," ta ce wa Mudassiru. "Da ka yi shiru da na ƙarasa maganata, Allah kuma ya san inda zai kai saƙon. Ga wannan tsohon ya ba ka Ningawa kyauta ka ɓuya a bayansu, ka ƙi. Na sha gaya wa yarinyar nan ba a sanin mutum a zaure." Sai ta waiwayo kaina. "Ke kuma mai zoɓo, tun a mota na ji kin daina numfashi. Malamar makaranta guda."

Na sunkuyar da kai. Na buɗe littafina na soke "Ningawa", don in sami abin yi da hannuna.

"Amma ba a fasa katangar Sarkin Ƙofa a tafi haka nan," Iya ta ci gaba. "Za ka mayar da ita. Da hannunka, ba magini ba. Kafin ruwan farko ya sauka."

"Na ji, Iya. Zan mayar."

"Datti zai kwaɓa maka ƙasa, tunda shi ya ci goro."

"Tambaya, bayana fa ciwo yake."

"Bakinka dai ba ya ciwo."

A inuwar kukar muka baje kular dambu. Iya da Malam Datti suka shiga lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka rage, suna faɗa suna dariya a kan wanda ya girmi wani. Mudassiru ya cire rigarsa ta sama, ya auna giɓin da taku, ya dawo ya ce taku bakwai ne. Ya kalle ni sau ɗaya, ni ma na kalle shi sau ɗaya, Iya ta ce idonta biyu.

Mun iso gida bayan la'asar. Baba yana zaune a tsakar gida yana gyaran buhunan albasa. Iya ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa. Baballe take ce masa, don sunan mahaifinta ya ci.

"Baballe, ka kira manyan yaron nan. Amma kada a sa rana sai katanga ta tashi."

"Wace katanga, Iya?"

"Ta mai sunanka. Ci gaba da albasarka, tunda ita ta hana ka kai ni."

Na shige ɗaki da sauri don kada a ga fuskata. Na zauna a bakin gado na rufe baki da hijabi ina murmushi ni kaɗai. Wata takwas nake jiran kalmar nan, ga ta ta zo a kan buhun albasa.

Iya ta shigo tana kwance zanen saƙinta, tana ninke shi a hankali.

"Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai," in ji ta. "Dutsen niƙan innata. A gindin katangar muka bar shi, ya fi ƙarfin jaki. Baƙi ne, santsi kamar sabulu, gefensa ɗaya ya ɓalle. Na duba ko'ina ban gan shi ba. Ƙasa ƙasa ce, na yafe. Amma wannan kam, ko waye ya ɗauka, sai mun tsaya da shi." Ta rufe adaka. "Ki gaya wa mai tumatir gobe ya zo ya kai ni Kadawa. Ina so in gaida sauran katangar."

Ta fita alwala. Ni kuwa murmushina ya tsaya a inda yake, don na tuna ranar da na kai 'yan ajina gonarsa. Injin ban-ruwansa a kan wani baƙin dutse mai kwarmi yake zaune. Har na tambaye shi, ya ce shi ke hana injin rawa.

Na ɗauki waya na rubuta: "Dutsen da ke ƙarƙashin injinka, a ina ka samo shi?"

Minti biyar suka wuce. Sannan wayar ta haska.

"Malama, don girman Allah kada ki ce mini na Iya ne."

Ban kai ga ba shi amsa ba na ji muryarta daga tsakar gida, tana karkaɗe buta.

"Kubra, ya ce ƙarfe nawa zai zo?"